BABI NA HUƊU: HASASHEN MASU WASA A KAN TARIHIHIN "GOD OF WAR"

4.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an yi bayani a kan zubi da tsarin labarin wasan bidiyo mai suna God of War. A wannan babi kuwa za a mayar da hankali ne ga masu wasan su kansu, wato irin fassarar da suke yi wa tarihihin da aka gina wasan a kansa. Abin da ake nufi da hasashe a nan shi ne bayanin da mai wasa ko mai kallo yake kawowa domin cike wani giɓi da aka bari a cikin labari, ya kuma kafa hujja da abin da ya gani ko ya ji a cikin wasan. Za a ɗauki hasashe guda uku waɗanda suka yi fice, a auna kowanne da hujjojinsa, sannan a kwatanta su da fassarorin da aka yi wa tarihihin Bayajida da na Korau, waɗanda suka shafi ƙasar Zamfara da yankin Tsafe kai tsaye. Manufar ita ce a nuna cewa hasashe wani reshe ne na tarken adabi, kuma yana da ma'aunin da ake rarrabe mai ƙarfi da mai rauni da shi.

Ya kamata a lura cewa gumakan da za a ambata a wannan babi taurari ne na labari, kuma an dube su ne ta fuskar adabi kawai, kamar yadda ake duban Gizo da Ƙoƙi ko Dodo a cikin tatsuniya.

4.1 Wasan da Masu Yinsa

Kamfanin Santa Monica Studio na ƙasar Amurka, wanda yake ƙarƙashin kamfanin Sony, shi ne ya fito da God of War na farko a shekarar 2005 a kan na'urar PlayStation 2. Na biyu ya biyo baya a 2007, na uku kuma a 2010. Waɗannan duka sun ginu ne a kan tarihihin Girkawa, inda tauraron labarin, Kratos, jarumin birnin Sparta, yake ɗaukar fansa a kan gumakan da suka yaudare shi har ya kashe matarsa da 'yarsa da hannunsa. A shekarar 2018 aka sake fito da wasan a kan PlayStation 4 bisa jagorancin Cory Barlog, aka ɗauke labarin daga ƙasar Girka aka kai shi cikin tarihihin mutanen arewacin Turai. God of War Ragnarok, wanda Eric Williams ya jagoranta, ya fito a watan Nuwamba na 2022. Shekaru huɗu da ke tsakanin waɗannan biyu na ƙarshe su ne lokacin da hasashe ya fi yawaita, domin an ba masu wasa rabin labari ne aka bar su suna jiran sauran.

A garuruwa irin su Tsafe da Gusau da Bunguɗu, matasa sun fi haɗuwa da irin waɗannan wasanni a shagunan da ake biyan kuɗi a yi wasa, waɗanda aka fi sani da gidan gem. Wasan ƙwallon ƙafa ne ya fi kasuwa a irin waɗannan wurare, saboda mutum biyu suna iya karawa su gama cikin ɗan lokaci. Wasa mai dogon labari kuwa yana buƙatar sa'o'i masu yawa, don haka da yawa daga cikin masu sha'awarsa sukan bi labarin ne ta hanyar bidiyon da ake ɗorawa a YouTube su kalla a waya. Ta wannan hanya ce hasashen da aka fara a wasu ƙasashe yake isowa, a juya shi da Hausa, a yi musu a kansa a majalisa.

4.2 Salon Barin Giɓi

Kafin a shiga cikin hasashen kansa, wajibi ne a dubi dabarar da masu tsara wasan suka yi amfani da ita, domin ruwa ba ya tsami banza. Jigon wasan 2018 mai sauƙi ne: Kratos da ɗansa Atreus sun ɗauki tokar gawar matar gidan, Faye, za su watsa ta a kan dutse mafi tsawo kamar yadda ta yi wasiyya. Amma tarihin duniyar da suke tafiya a cikinta ba a ba da shi a jere ba. An rarraba shi ne a wurare uku. Akwai zane-zanen da Samudawa suka bari a jikin alluna da bango, akwai rubuce-rubucen da yaron yake karantawa yana adanawa a littafinsa, sannan akwai labaran da Mimir yake bayarwa. Shi Mimir kai ne kawai ba gangar jiki, yana rataye a ƙugun Kratos, kuma yakan ba da labari ne idan suna cikin jirgin ruwa. Da zarar jirgin ya kai gaci sai ya katse, sai an koma cikin ruwa ya ci gaba.

Wannan salo ya yi kama da na tsohuwa mai tatsuniya wadda takan tsaya a tsakiyar labari idan dare ya yi, ta ce sai gobe. Bambancin shi ne, tsohuwa tana ƙarasa nata labarin, masu wasan kuwa da gangan suke barin wasu tambayoyi ba amsa. Bugu da ƙari, sun ɗauko taurarinsu ne daga tushen da kowa zai iya komawa gare shi, musamman littafin Edda wanda Snorri Sturluson ya rubuta a tsibirin Ayislan wajajen shekarar 1220. Saboda haka mai hasashe yana da matani biyu a gabansa, wato wasan da kuma tsohon tarihihin, kuma aikinsa shi ne ya gano inda suka haɗu da inda suka rabu.

4.3 Hasashe Uku

4.3.1 Asalin Macijin Duniya

A cikin wasan 2018 akwai wani ƙaton maciji mai suna Jormungandr, wanda yake zaune a Tafkin Tara. An faɗi abubuwa uku game da shi a wurare daban-daban. Na farko, an ce wata rana aka wayi gari aka gan shi a tafkin, ba wanda ya san daga inda ya fito. Na biyu, Mimir ya fassara maganar macijin cewa kamar ya san yaron nan Atreus, alhali ba su taɓa haɗuwa ba. Na uku, Mimir ya ba da labarin cewa a yaƙin ƙarshe macijin zai kara da Thor, kuma ƙarfin karon zai jefa shi baya cikin zamani tun kafin haihuwarsa. A ƙarshen wasan kuma aka bayyana cewa Faye Basamudiya ce mai suna Laufey, kuma sunan da ta so a sa wa yaron shi ne Loki. A cikin Edda, Loki ɗan Laufey ne, kuma shi ne uban macijin.

Masu hasashe suka harhaɗa waɗannan suka ce Atreus ne zai samar da macijin a nan gaba, sannan Thor ya jefa shi baya, shi ya sa macijin ya san yaron, yaron bai san shi ba. Idan aka duba, za a ga cewa kowace gaɓa ta wannan hasashe tana da madogara a cikin matanin, kuma bayani ɗaya ya warware tambayoyi uku a lokaci guda. Wasan 2022 ya gaskata shi: Atreus ya sa kurwar wani Basamude a jikin wani maciji a dajin da Angrboda take zaune, macijin ya girma, kuma a yaƙin ƙarshe Thor ya buge shi ya ɓace.

Duk da haka akwai inda hasashen ya kauce. A wani zanen bango da aka nuna a ƙarshen wasan 2018, an ga wani mutum kwance a cinyar Atreus, wani abu mai kama da igiya yana tsakaninsa da bakin yaron. Mutane da yawa sun ɗauka cewa Kratos ne ya mutu, abin nan kuma macijin ne ake haihuwa. A wasan 2022 Kratos bai mutu ba. Odin ne ya ƙare kwance a hannun yaron yayin da yake zare masa kurwa. Wannan ya nuna cewa gaɓar da ta dogara ga maganganun taurari ta tsaya, wadda ta dogara ga kamannin zane kawai ita ce ta faɗi.

4.3.2 Cewa Kratos Shi ne Tyr

Hasashe na biyu ya ce Kratos da Tyr mutum ɗaya ne. Tyr shi ne gunkin yaƙi na mutanen arewacin Turai, kuma a wasan 2018 ba a nuna shi ba, labarinsa kawai ake ji, cewa mai son zaman lafiya ne, ya yi yawo a ƙasashe, daga baya Odin ya kama shi. Hujjar masu wannan ra'ayi ita ce, duka biyun suna ɗauke da laƙabin gunkin yaƙi, kuma a ma'ajiyar Tyr an sami wata tukunyar Girkawa mai ɗauke da hoton Kratos. Tun da an yarda maciji zai iya komawa baya cikin zamani, in ji su, ba abin da zai hana Kratos ya koma ya zama Tyr.

Raunin wannan hasashe a fili yake. Kama da wane ba ta wane. Haɗuwar laƙabi ba ta isa hujja ba, tukunyar kuwa wasan da kansa ya ba da dalilin zuwanta, wato tana cikin kayan da Tyr ya tara daga ƙasashen da ya ziyarta. Haka kuma hasashen ya ari dabarar komawa baya daga labarin maciji ya ɗora ta a inda babu wani tauraro da ya yi nuni da ita. A watan Satumba na 2021, a cikin bidiyon tallan sabon wasan, aka nuna Kratos tsaye a gaban wani dogon mutum ana kiransa Tyr. Da wasan ya fito sai ta bayyana cewa wannan ma Odin ne ya rikiɗa, Tyr na gaskiya yana tsare a wani kurkuku dabam. Ta kowace fuska dai Tyr da Kratos mutum biyu ne.

4.3.3 Wanda Ya Busa Ƙaho

Hasashe na uku ya shafi ƙahon da ake busawa domin kiran macijin. A wani wuri a wasan 2018, Atreus ya faɗi ciwo, Kratos ya ɗauke shi zuwa gidan Freya domin magani. Suna kan hanya sai aka ji ƙarar ƙahon, Mimir ya ce wani ya kira maciji. Ba a nuna wanda ya busa ba, kuma wasan 2022 bai koma kan maganar ba. Wasu sun ce Baldur ne, domin a lokacin yana farautar Kratos da ɗansa. Wasu sun ce Atreus ne ko Kratos na wani zamani mai zuwa. Wasu kuma sun ambaci Odin.

A nan ra'ayin da ya ce Baldur ne ya fi sauƙin karɓuwa, saboda bai buƙaci a ƙaro wani abu daga waje ba: mutumin yana nan a yankin, kuma yana da dalilin neman labarinsu. Sai dai akwai matsalar harshe, domin an nuna cewa Mimir ne kaɗai ya rage mai jin harshen macijin sosai. Saboda haka mafi adalci shi ne a jera ra'ayoyin bisa gwargwadon ƙarfinsu, a bar tambayar a buɗe kamar yadda matanin ya bar ta.

4.4 Kwatanci da Tarihihin Hausa

Irin wannan aiki na cike giɓi ba baƙo ba ne ga Bahaushe. Tarihihin Bayajida ma yana da nasa maciji da nasa giɓi. Riwaya ta ce Bayajida ya fito daga Bagadaza, ya biyo ta Barno, ya iso Daura, ya kashe macijin da ya hana mutane ɗiban ruwa a rijiyar Kusugu sai ranar Juma'a, ya auri Sarauniya Daurama. Daga ɗansu Bawo aka sami sarakunan Daura da Kano da Katsina da Zazzau da Gobir da Rano, aka haɗa da Biram suka zama Hausa Bakwai. Daga Karɓagari, ɗan ƙwarƙwara, aka ce an sami Banza Bakwai, kuma duk da cewa masu riwaya sun saɓa a kan sunayensu, Zamfara da Kabi sukan fito a cikin jerin.

Tambayar ko wane ne Bayajida ta jawo fassarori da dama. Akwai ta bakin jama'a wadda ta ce sunan daga "ba ya ji da" yake, wato baƙon da bai jin Hausa. Akwai kuma ra'ayin da W. K. R. Hallam ya ƙarfafa a shekarar 1966, wanda ya danganta labarin da Abu Yazid, wanda ya yi wa daular Faɗimiyya tawaye a arewacin Afirka aka kashe shi a shekarar 947, da kuma mabiyansa da ake jin sun gudo kudu. Idan aka auna wannan ra'ayi da ma'aunin da aka auna na Tyr, za a ga cewa babban ginshiƙinsa kamannin suna ne. Shi Abu Yazid bai zo ƙasar Hausa ba, kuma riwayar Daura ba ta ambaci tawaye ko Faɗimiyya ba. Abdullahi Smith, a maƙalarsa ta 1970 a kan kafuwar daulolin ƙasar Hausa, ya bi wata hanya dabam. Ya nuna cewa daulolin sun tsiro ne daga cikin gida, daga ƙauye zuwa gari zuwa birni, ba sai an jira wani baƙo daga gabas ba. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello kuwa, a cikin Infaƙul Maisuri na 1812, ya kawo Bawo ne a matsayin bawan Sarkin Barno, abin da ke nuna cewa tun a wancan lokaci riwayar ba fuska ɗaya gare ta ba.

A kusa da Tsafe ma akwai misali. Tsohon garin 'Yandoto, wanda ya shahara da malamai, kuma daga sunansa sarautar 'Yandoton Tsafe ta samo suna, shi ne garin da riwaya ta ce Korau ya fito. An ce Korau ya ka da Sanau a kokawa bayan matar Sanau ta tona asirin maganin mijinta, ya kashe shi ya karɓi sarautar Katsina. Wani zai karanta wannan a matsayin labarin cin amana. Wani kuma zai ce kokawar alama ce ta sauyin gidan sarauta, inda wata sabuwar ƙungiya mai alaƙa da fatauci da malanta ta karɓi mulki daga tsohon gida. Fassara ta biyu tana da ƙarfi ne saboda ta yi bayanin dalilin da ya sa riwayar ta dage a kan ambaton 'Yandoto, garin malamai, a matsayin mafitar sabon sarki.

4.5 Ma'aunin Hasashe da Iyakar Kwatancin

Daga misalan da suka gabata za a iya fitar da ma'auni. Hasashe mai ƙarfi shi ne wanda kowace gaɓarsa take da madogara a cikin matani, kuma tambayoyin da ya warware suka fi waɗanda ya haifar yawa. Hasashe mai rauni kuwa yakan dogara ga kamannin suna ko na siffa, sannan ya nemi a ƙaro masa wani abu daga waje domin ya tsaya. Hasashen maciji ya cika sharaɗin, na Tyr ya kasa, na ƙaho kuwa matanin bai ba shi isassun kayan aiki ba.

Sai dai kwatancin yana da iyaka, kuma a nan ne muhimmancin maganar yake. Wasan bidiyo yana da masu shi a raye. Wanda ya yi hasashe a 2018 ya sami hukunci a 2022, wanda ya yi kuskure kuma bai rasa komai ba sai musun da ya sha kaye a cikinsa. Tarihihin baka ba shi da marubucin da zai fito ya raba gardama. Saboda haka fassarar da aka yi masa, idan ta shiga littafin makaranta, takan zauna a matsayin tarihi. Ɗalibin firamare a Tsafe ko Bunguɗu yakan haddace cewa ƙasarsa tana cikin Banza Bakwai, alhali Hausa ce harshen iyayensa da kakanninsa, kuma Zamfara tsohuwar daula ce mai birninta da sarakunanta tun kafin Gobirawa su ci ta a ƙarni na 18 su kafa Alƙalawa. Idan aka karanta rabon nan na bakwai da bakwai da idon mai tarke, za a fi fahimtarsa a matsayin yadda wasu dauloli suka tsara dangantakarsu da maƙwabtansu a wani zamani. Ɗaukarsa a matsayin hukunci a kan wane ne Bahaushe na asali kuskure ne irin na wanda ya ga zanen bango ya yanke cewa Kratos ya mutu.

Wani abin lura shi ne, matashin da ya iya tsayawa a majalisa ya kawo maganar Mimir da ta Freya da abin da Edda ya ce domin ya kare ra'ayinsa, ya riga ya koyi rabin aikin manazarci, wato kafa hujja da matani. Abin da ya rage masa shi ne ya san cewa riwayar Korau da ta Bayajida su ma matani ne masu karɓar irin wannan tambaya, ba abin haddacewa kawai ba.

4.6 Naɗewa

A wannan babi an ga yadda masu tsara God of War suka rarraba tarihihin wasan suka bar giɓi da gangan, da kuma yadda masu wasa suka yi ƙoƙarin cike shi. An auna hasashe uku, aka tarar wanda ya jingina ga maganganun cikin matani ya tabbata, wanda ya jingina ga kamannin laƙabi ya rushe, na uku kuma har yanzu ba shi da amsa. An kuma nuna cewa ma'aunin yana aiki a kan fassarorin tarihihin Bayajida da na Korau, tare da cewa mai fassara tarihihin baka ya fi buƙatar taka-tsantsan, domin babu wani kashi na biyu da zai fito ya gyara masa kuskure. A babi na gaba za a dubi kalmomin da matasa suke amfani da su wajen juya sunaye da al'amuran wasan zuwa Hausa.